Waƙar Kawu Hunstan a Kan Fata

Litinin, 16 ga Oktoba, 982

Uwargida Brihtwen ta yarda. In an yi yankan hunturu za a ware min fatun maruƙa in rubuta Waƙar Sigmer daga bakin Kawu Hunstan. Tun bazara nake bin ta da maganar nan har na fara jin kunyar kaina. Abin da ya sa ta sauko shi ne tarin da ya kama Kawu jiya a zaure. Ya ajiye garaya a tsakiyar waƙa yana neman numfashi, kowa ya sunkuyar da kai cikin ƙoƙon giyarsa. Ba shi da magaji. Wanda ya fara koya a wurinsa ya bi jiragen sarki yaƙi da Danawa masu hari ta teku, bai dawo ba. In Kawu ya faɗi yau, labarin yadda Sigmer ya ƙetaro teku da kakanninmu ya bi shi kabari ke nan.

Ni kaɗai ce mai rubutu a gidan nan. Shekarun da na yi wurin mata masu ibada ina kwafar Zabura da Latin, kafin ciwon ƙirji ya sa a maido ni gida, sai yanzu za su yi wa harshenmu amfani.

Shi kuwa gogan da na gaya masa, sai ya ƙare min kallo ya ce, "A jikin ɗan maraƙi za ki sa Sigmer?" Ya yi ta dariya har tarin ya dawo.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Yanka. Tsakar gida duk jini da hayaƙi. Ordmer wakilin gida ya zaɓi fatu masu kyau ya ce na takalma ne, ya turo min masu huda. Wai, "Waƙa ba ta hana ƙafa sanyi, malama." Na kwashi fatun na tafi. Na jiƙa su a ruwan farar ƙasa. Ba su da yawa, dole in matse rubutu. Guntayen da za a yanke daga gefe su ne nawa, a kansu zan riƙa zuba surutuna kamar yadda na saba.

Talata, 28 ga Nuwamba

Mun fara, in har za a kira wannan farawa. Na je bukkar Kawu da allon kakin zuma da tsinken rubutu. Na ce ya faɗa a hankali, ni kuma in rubuta. Ya faɗi jimla ɗaya ya yi shiru. Ya duba rufi, ya duba ƙafarsa. Mutumin da yake rera waƙar nan tun ba a haife ni ba, wai bai san abin da ke biye ba. Ya ce a miƙo masa garaya. Da ya kaɗa sai ga magana tana zuba kamar an fasa tulu, hannuna ko kusa ba ya kamo ta. Na ce ya tsaya. Ya tsaya. Na ce ci gaba. Ya ce ba a ci gaba daga tsakiya, sai ya koma baya ya ɗauko gudu.

Da ya koma, sai waƙar ta fito daban. Da fari Sigmer ya kashe kyarkecin bakin gaɓa da mashi. A karo na biyu da filafilin jirgi ya rotse masa kai.

Na ce, "Kawu, wanne ne na gaskiya?"

"Duka."

"Kyarkeci ɗaya ba ya mutuwa sau biyu."

"A wurina ya mutu sau nawa, 'yar nan, kuma bai taɓa ƙorafi ba."

Na dawo da ciwon kai. Na zaɓi mashi.

Juma'a, 1 ga Disamba

Yau kyarkecin bai mutu ba sam, guduwa ya yi. Allah ka ba ni haƙuri da tsohon nan.

Laraba, 13 ga Disamba

Fatu sun bushe, na kankare su, na ja layi. Dabarar da na samu ita ce in bar shi ya rera yanki guda sau da yawa, abin da ya fi maimaituwa shi nake ɗauka in mayar kan fata. Ba na ba kowane baiti layinsa kamar yadda muke yi wa waƙoƙin Latin. Daga gefe zuwa gefe nake cikawa, fata ba ta isa a yi mata ɓarna ba.

Yau muka yi faɗa na gaske. Mun kai wurin da ake jera sunayen masu tuƙin jirgin Sigmer. Kowa a garin nan ya san yadda Kawu yake yi. Bayan jarumawan farko sai ya zuba mamatanmu, maza a bakin filafili, mata riƙe da kaskon wuta a tsakiyar jirgi kada ruwa ya kashe shi. Wanda ya mutu bana yakan shiga a bikin da ke gaba, kuma sai an sa mutum a jirgi matarsa take cire baƙin mayafi. Da haka na tashi, ban taɓa ganin laifin abin ba sai da na zo rubutawa. Ga Tunna maƙeri, ga gurgu mai kiwon aladu, mutanen da ko teku ba su taɓa gani ba, wai suna tuƙi da Sigmer. Wanda zai karanta nan da shekaru masu yawa ai zai ce mahaukata ne suka rubuta. Kuma jerin yana da tsawo, zai cinye min fata.

Na ce sunayen dā kaɗai zan sa. Kawu ya ce, "Har uwarki za ki sauke?" Marigayiya Inna ƙanwarsa ce, ita yake fara sawa a wurin kaskon wuta. Na ji abin har cikin ƙirjina, amma na ce har ita. In na bar Inna dole in bar gurgu.

Ya rataye garayar ya ce rana ta yi, in je in ci abinci.

Talata, 26 ga Disamba

Jiya Kawu ya rera ta duka a bikin Kirsimeti, tari bai kama shi ba ko sau ɗaya. Da ya zo wurin guguwa ya sa wani abin da ban taɓa ji ba, Sigmer ya cire alkyabbarsa ya toshe hudar jirgi da ita, ya tsaya tsirara a cikin sanyi yana dariya. Zaure ya ɗauka. Har Ordmer ya buga ƙoƙo a tebur. Ni ma na yi tafi, sannan na tuna na riga na rubuta guguwar, kuma babu alkyabba a ciki. Haushi ya hana ni cin naman.

Alhamis, 11 ga Janairu, 983

Dudda masunci ya mutu. Ƙanƙara ta fashe da shi a fadama, sai da rana aka ciro shi da ƙugiya. Matarsa Golde ƙawata ce tun muna tallar ƙwai. Na kai mata burodi da cuku. Ba ta kuka. Ta ce min, "Ko ba komai ya iya tuƙi, ba zai ba Sigmer kunya ba." Ta sa baƙin mayafi, tana jiran bikin shiga azumi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na gama. Yatsuna sun kumbura, idona na dama yana ruwa, amma na gama. Na ɗinke shafukan, kafinta ya yi musu bango da katako. Uwargida ta juya littafin ta sake juyawa, ta ce ba ta san harshenmu yana yin kyau haka a rubuce ba. Ni ma ban sani ba. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Yanzu ko Kawu ya tafi, Sigmer yana nan.

Na kai masa ya gani. Ya shinshina ya ce yana warin maraƙi. Ya auna nauyinsa a tafin hannu ya ce, "Ashe dai ba ta da nauyi." Ban gane yabo ne ko zagi ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Ba na son rubuta abin da ya faru jiya, amma in ban rubuta ba zai yi ta ci na.

Uwargida ta yi baƙi don bikin shiga azumi, cikinsu har da ɗan yayanta, Firist Athelmod, wanda ya yi karatu a birni. Mutum ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Uwargida ta fito da littafin don alfahari, ya karɓa da murna, ya ce zai bi da yatsa Kawu yana rerawa, don ya ji yadda ake furta tsofaffin kalmomin. Ni ce ma na gyara masa zama kusa da haske.

Kawu ya fara da kyau. Da aka zo wurin kyarkeci sai Kawu ya ɗauko filafili.

Firist ya ɗago kai ya ce, "Gafarta dattijo, nan mashi aka ce."

Ya faɗa ne a hankali, irin yadda ake tuna wa mutum ya manta hularsa. Kawu ya yi murmushi ya wuce. Can wurin guguwa ya sa alkyabbar nan. Firist ya juya shafi gaba, ya juya baya, ya ce wannan ba ya ciki. Sai Ordmer, wanda giyar zuma ta riga ta hau masa kai, ya ce, "To wa ke ƙarya, tsoho ko maraƙi?" Aka fashe da dariya. Wani daga cikin baƙi ya ce tsufa ke nan, kai ya fara yoyo. Wani ya ce Allah ya sa an rubuta kafin ta zube duka.

Na ga hannun Kawu ya rage gudu. Ya fara satar kallon yatsan firist, yana faɗin kalma yana jira ya ga ko za a ɗago kai. Wanda yake jira kuwa ba ya rera waƙa. Ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ta fito daban, aka sake dariya. Sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya ya kashe sautin. Ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ya roƙi gafarar Uwargida, ya fita. Bai kai wurin sunaye ba.

Golde tana can bakin ƙofa inda talakawa ke tsayawa, ta wanke fuska, ta yi wa 'ya'yanta wanka. Na gan ta ta bi bayan Kawu da ido.

Ina zaune a wurin. Ni na san yadda aka yi mashi ya shiga littafin, zaɓa na yi kamar yadda ake zaɓen albasa a kasuwa. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗa ba, don baƙi suna ta yabon rubutuna, kuma daɗin yabon ya toshe min baki.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na sami Uwargida a ɗakin saƙa na yi mata bayani. Na ce, "Ranki ya daɗe, waƙar ba ta da fuska ɗaya, ni ce na tsayar da ita." Ta ce in haka ne me na rubuta mata, kuma fatunta fa? Ta ce an ba ta kunya a gaban baƙi. Firist zai dawo a bikin Ista. Ko Kawu ya rera yadda take a littafi, ko ni in karanta, shi kuma ya bar bencin kusa da murhu. Bencin nan shi ne abincinsa da itacen wutarsa da sabuwar rigar da ake ba shi duk shekara. Mutum mai irin tarinsa ba ya kai wani hunturun in ba da su ba.

Garin neman gira dai.

Litinin, 5 ga Maris

Kawu ya aiko a kira ni. Na tafi da shirin shan zagi, da ma na fi son ya zage ni. Na same shi zaune ya share bukka, ya ajiye min kujera.

Ya ce, "Leofrun, ɗauko littafin ki karanta min. Ki koya min yadda take daidai."

Na ce ba wani daidai, shi ne mai waƙa, ni kwafa na yi. Ya ce, "Mai waƙa shi ne wanda aka yarda da shi, 'yar nan. Ina son bencina." Bai faɗa da ɗaci ba, shi ya fi ƙona min rai.

Mun fara. Ina karanta layi yana maimaitawa. Ba ya taɓa garaya, ya ce in ya kaɗa ta takan ja shi wata hanya.

Lahadi, 18 ga Maris

Golde ta tare ni bayan coci. Ta rame. Ƙanin mijinta yana son ya gyara kwalekwalen Dudda ya riƙa fita kamun kifi yana ba ta rabo, ta hana, ta ce ba mai taɓa kayansa sai ya shiga jirgi. Yara suna cin faten wake ba kifi. Na ce mata wannan al'ada ce kawai, firistoci ma ba sa son ta, Dudda yana hannun Ubangiji tun ranar da aka binne shi. Ta ce, "Na sani. Amma mijin kowa ya shiga." Sai ta ce, "Ke da kike da alƙalami, ba ki ƙara shi a gefe?"

Na dawo na duba. Na cika shafin daga gefe zuwa gefe, ko wurin sa allura babu. Kuma ko da akwai, firist ya riga ya ga shafin.

Alhamis, 29 ga Maris

Ya haddace har guguwa. Ba kuskure. In ya yi shakka sai ya tsaya ya dube ni, in gyaɗa kai, ya ci gaba. Ordmer ya leƙo ya ce malama ta sami ɗalibi mai furfura. Na jefe shi da itace, na kuskure shi.

Litinin, 9 ga Afrilu

Jiya Ista. Kawu ya rera, firist yana bi da yatsa. Daga farko har ƙarshe bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Mashi a wurin mashi. Ba alkyabba. Garayar ma a hankali yake taɓa ta, kamar mai tsoron ta farka. Da ya zo jerin masu tuƙi ya faɗi jarumawan dā, ya ɗan ja numfashi, duk zauren ya yi tsit, har masu rabon giya sun tsaya. Sai ya wuce zuwa fitowar rana a kan teku, yadda na rubuta.

Firist ya rufe littafi ya ce bai taɓa ganin hadda irin wannan ba, ya ba shi zoben azurfa daga hannunsa. Uwargida ta yi murna, ta ce bencin nasa ne har ƙarshen ransa. Mutanen gari ba wanda ya buga ƙoƙo. Wasu sun fara hira tun ba a gama ba.

Ban ga lokacin da Golde ta fita ba.

Kawu ya wuce ta gabana ya ce, "Na yi daidai, malama?" Na ce ya yi. Ya tsira da bencinsa, littafi ya tsira, abin da na nema ke nan tun farko. Na koma ɗaki na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Talata, 17 ga Afrilu

Firist ya nemi aron littafin a kwafa a birni. Uwargida ta tambaye ni, na ce ya tafi da shi, kada ya yi gaggawar maidowa. Hanyar birni ba ta da kyau, kwafa kuma ba a yin ta da sauri, shi ke nan dalilina.

Kawu ba ya rera komai a gida. Garaya tana rataye, ƙura ta hau ta.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Rana ta fito sosai yau. Na kai wa Kawu ruwan zuma don tarinsa, na same shi a ƙofar bukka yana shan hantsi. Golde tana can tsallaken shinge tana shanya, da mayafinta. Ban je da allo ba, na manta shi ne.

Na sauko da garayar don in goge mata ƙura. Da na goge sai na ce ya nuna min inda ake sa yatsu, tunda ina riƙe da ita. Ya nuna. Na kaɗa, ta yi ƙara kamar an taka kyanwa. Ya ce, "Kai, kawo nan kafin ki kashe ta." Ya karɓa don ya gyara min sauti, hannunsa ya ci gaba da kansa. Na ce ya ɗauko daga guguwa. Ya rera ta littafi, kalma bayan kalma, yana dubana. Na ƙi gyaɗa kai, na kama kallon kajin maƙwabta.

Ya zo wurin masu tuƙi, ya faɗi na dā, ya ja numfashin nan. Kafin ya wuce na ce, "Dudda."

Hannunsa bai tsaya ba, amma bai rera ba. Ya ce, "Ba ya cikin littafi."

"Littafi yana birni, Kawu."

Ya yi ta zaga sauti ɗaya har na zaci ba zai yi ba. Sai ya sa shi. Ya ba shi filafilin gaba, ya ce da shi mai daskararren gemu, wanda ya san duhun ruwa kafin sauran su sani. Bayansa Tunna maƙeri, bayansa gurgu, duk suka biyo, har Inna da kaskonta. Muryar ta fashe masa sau biyu, bai koma baya ba. Ban waiwaya wajen shinge ba. Na dai ji shanya ta tsaya, can kuma na ji Golde tana ƙwala wa babban ɗanta kira, wai ya je ya ce wa baffansa ya zo ya duba kwalekwale.

Kawu ya ce gobe in zo da wuri, kuma in yanke farce. Ba wai koyo zan yi ba, a shekaruna. Hannunsa ne yake rawa, yana bukatar mai riƙe masa garayar wani lokaci.

Abin da ya faɗa a kan Dudda ya fi wannan tsawo da kyau. Ina da sauran fata a nan, da tawada. Ban rubuta ba.